Yadi Goma Da Tela Bai Yanka Ba

Sa'ad da Malam Edita ya zagayo ɗakunan kwana yana neman abin da za a sa cikin mujallar bana, na ce masa ni ba ni da tatsuniya, ban kuma iya waƙa ba, sai dai wani al'amari da ya same ni, wanda na daɗe ina jujjuyawa a zuciya. Ya ce in rubuta. To, ga shi. Wanda ya taɓa rasa mahaifi zai gane inda na nufa tun ban ƙare ba. Wanda nasa ke da rai kuwa, Allah ya ƙara masa kwana, ya yi haƙuri ya saurara.

Ni mutumin Tozai ne, cikin ƙasar Illela, can arewacin Sakkwato inda Nijeriya ta ƙare Nijar ta fara. In ka bar birnin Sakkwato ka bi ta Kware da Gwadabawa, mil hamsin da 'yan kai za su kai ka Illela, daga nan kuwa Birnin Ƙonni ba nisa. Mu da mutanen wancan ƙetare harshenmu ɗaya, alƙiblarmu ɗaya, auratayya ta ɗinke mu tun kaka da kakanni. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma, Allah ya ƙara masa yarda, a Maratta aka haife shi cikin 1754, garin kuwa yau yana cikin Nijar. Iyakar da ta raba mu Turawa suka shata ta bisa takarda. Cikin 1898 Ingilishi da Faransawa suka zana baka mai nisan mil 100 daga Sakkwato, sa'an nan cikin 1904 da 1906 suka sake shawara, aka turo layin kudu domin Faransawa su sami hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram. Da haka Ƙonni ta tabbata a hannun Faransa, ba kuwa wanda ya shawarci kakanninmu.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, manomi ne mai ɗan fataucin bisashe. Yakan sayi awaki da tumaki a kasuwannin ƙasar Tawa, ya koro su kasuwar Illela da ke ci ran Lahadi, ya koma da atamfa da sabulu da goro. Ƙanwarsa tana aure a wani ƙauye na can, wurinta yake sauka. Al'adarsa, in an gama noman farko, sai ya bar gona a hannun 'yan ƙwadago ya ƙetare, ya yi wata guda ko fi. Ni kuma tun da na shigo kwaleji na mai da hutun damina lokacin neman kuɗi a birni, ina koya wa 'ya'yan masu hali karatu da maraice. Watau shekara uku ni da shi ba mu yi kwana bakwai a jere cikin gida ɗaya ba. Ban ga aibin haka ba a lokacin, don ina tsammani akwai sauran kwanaki a gaba.

Kuɗin farko da na tara na wannan koyarwa, na shiga babbar kasuwar Sakkwato na yanki farin yadi mai kyau, yadi goma, don a ɗinka masa babbar riga da 'yar ciki da wando na Babbar Salla. Na kai wa wani tela tun cikin watan Shawwal. Salla ta zo ran 28 ga Yuni 2023, tela ko almakashi bai sa ba. Na yi sintiri har na gaji. Yau ya ce ba wuta, gobe ya ce yaronsa ya gudu, jibi ya rantse da abin da zai kashe shi cewa gata in zo in karɓa. Daga ƙarshe raina ya ɓaci, na gaya masa maganganun da har yau nake jin kunyar tunawa, na ƙwace yadina a ninke yadda na kai shi, na jefa ƙarƙashin akwati.

Ana nan, ran Laraba 26 ga Yuli, sojoji suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai, Janar Abdourahamane Tiani ya karɓi mulki. Ran 30 ga wata shugabannin ƙungiyar ECOWAS suka taru a Abuja suka yanke a rufe iyakoki da Nijar, Nijeriya kuma ta tsinke wutar lantarkin da take ba ta. Kafin a jima manyan motoci sun yi jerin gwano a Illela, kaya na lalacewa a cikinsu. Ko'ina sai raɗe-raɗin yaƙi, Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar da Janar Abdulsalami Abubakar suna kai da kawowa Yamai neman sulhu. Ga kuma tsadar mota, tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayu. Masu bi ta daji suna bi, amma Baba ya ce shi ya tsufa da wasan ɓuya da 'yan kwastan. Ba ciniki, ba kuɗin ƙwadago, ga haki ya taso wa hatsi. Sai ya buga mini waya. Da yake ni ne ɗan fari ba ya kiran sunana. Ya ce, "Ɗan boko, in alli bai cinye maka hannu ba, taho ka kama mini maimai."

Na tafi, amma gaskiya ba da son raina ba. Tun daga tasha har Illela ina lissafin kuɗin da zan rasa, ina tsine wa sojojin Yamai da shugabannin Abuja gaba ɗaya. Yadin nan kuwa na sa shi cikin jaka, da nufin in ba telan ƙauye ko shi zai fi tsoron Allah.

Mako biyu muka yi tare. Da an sallame asuba sai mu ɗauki hauya, irin tamu mai doguwar ƙota wadda ake turawa a tsaye, mu nufi gona. Kwana biyun farko hannuna ya yi kanta ya fashe, Baba yana dariya, yana cewa ashe takarda ma tana lalata mutum. In rana ta take sai ƙanwata ta kawo fura, mu zauna gindin wata aduwa, domin gawon da ke tsakiyar gona, kamar yadda kuka sani, da damina yake zubar da ganye, ba ya ba kowa inuwa sai da rani. A gindin aduwar nan na ji abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Ya ba ni labarin yunwar 1984, da yadda ya sayar da jakinsa guda don tiya kaɗan na dawa. Ya zagaya da ni iyakar gona, ya nuna mini kowane tushen gamba da ya raba mu da maƙwabta, ya gaya mini wanda ya shaida sa'ad da aka dasa. Wata rana kuma, ban tambaye shi ba, ya lissafa mini mutanen da yake bi da wanda ke binsa. Wanda ke binsa mutum ɗaya ne, wani dillali a karar Illela, kuɗin raguna biyu. Na ce, "Baba, me ya kawo wannan magana?" Ya ce, "Zance ya kawo ta."

Ran Lahadi 20 ga Agusta, farkon watan Safar na 1445, muka dawo daga masallaci, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, yau ba shi zuwa kasuwa. Ya kwanta bisa tabarma a zaure, ya ce in ba shi ruwa. Kafin hantsi ya ɗaga rai ya yi halinsa, kansa bisa cinyata, ina laƙanta masa kalmar shahada yana amsawa har murya ta ɗauke. Allah ya sa ya huta.

Da aka yi salati aka natsu, sai maganar likkafani ta taso. Masu 'yan shagunan ƙauye duk sun tafi kasuwa. Wani ƙanen Inna har ya tada babur zai nufi Illela, sai na tuna. Na shiga ɗaki na ɗauko yadin nan, ninkinsa na kanti ko warwarewa ba a yi ba. Liman ya auna da kamu, ya yayyaga shi gida biyar yadda malamanmu na Malikiyya suka fi so ga namiji: riga, da rawani, da gyauto, da mayafi biyu. Ya isa, har da saura kamar kamu biyu. Ya dube ni ya ce, "Yaro, riga ka saya mishi, riga kuwa za shi sa." A nan hawayen da na danne tun safe suka ƙwace mini.

Labari ya isa kara ta waya. Da yake ranar kasuwa ce, abokan cinikinsa na Gada da Gwadabawa da Tangaza duk suna wuri ɗaya, kasuwar kuma ba ta ci sosai ba saboda rufin iyaka, sai suka ɗebo motoci da babura suka taho. Tsofaffin ƙauye suka ce sun daɗe ba su ga sahu irin wannan ga talaka ba.

Akwai sauran guda. Saura kwana biyu a yi addu'ar arba'in, ana cikin yankan hatsi, sai ga wani dattijo ya yi sallama a ƙofar zaure, ƙafafunsa fari fat da ƙura. Ta daji ya biyo cikin dare daga wancan ƙetare. Ya ce, "Ina mai gidan ga?" Muka gaya masa. Ya zame ya zauna a ƙasa, ya daɗe bai ce uffan ba. Sa'an nan ya ce cikin 2005, shekarar da yunwa ta ci ƙasashen Tawa da Maraɗi da Damagaram bayan fari da farar 2004, ya zo nan da iyalinsa ba su da ko na koko. Baba ya buɗe rumbu ya ba shi dami uku, ya ce ya biya ranar da Allah ya hore. Shekara 18 ke nan, sai bana ɗansa ya aiko masa da kuɗi daga Aljeriya. Ya kwance bakin rawaninsa ya fito da sefa jikka 40. Inna ta leƙo daga bayan dangan kara, ta ce lalle ta tuna shi. Cikin lissafin da Baba ya yi mini gindin aduwa kuwa bai ambaci mutumin nan ba. Ko ya manta ne, ko ya yafe tuni, ya tafi da saninsa. Muka canza kuɗin muka kai wa dillalin Illela.

A nan dole in tona asirin kaina. Kuɗin ba su cika bashin ba, sun gaza da naira 4,000, ni na cika daga aljihuna. Amma da na dawo makaranta ina ba abokai labari, har sau biyu na ji bakina yana cewa sun yi daidai cif, ba ragi ba ƙari. Ku duba fa! Allah ya yi mini alheri, ni kuma na ga kamar alherin bai isa ba sai na yi masa ado da ƙarya. Na tuba, kuma waɗanda na gaya wa haka, ga gyara a rubuce.

Cikin abokan nan akwai wani maƙwabcin gadona, gwanin lissafi, mai faɗin gaskiya ko da ɗaci. Bayan ya yi mini ta'aziyya ya bari kwanaki suka shige, sai ya ce, "Abokina, kada ka ji haushi. Mutum ya rasu ranar kasuwa, ai ɗaya cikin bakwai ne. Teloli masu saɓa alkawari sun fi a ƙirga. Abubuwa dubu suna faruwa da kai kowace rana, waɗanda suka dace ka riƙe, waɗanda ba su dace ba ka mance." Ya ɗauki alli ya nuna mini cewa in mutum 23 suka taru a ɗaki, ya fi rabi yiwuwa a sami biyu da ranar haihuwarsu ta zo ɗaya, in kuwa 40 ne, kamar ajinmu, kusan tara cikin goma. Muka bi rajistar aji, muka sami biyu kuwa. Ya ce, "To, wannan ma ishara ce?" Lissafinsa daidai ne, na bi shi da kaina ban sami kuskure ba. Na kwana uku ina jin kamar an ƙwace mini wani abu.

Harshenmu kansa bai tsaya ga kalma ɗaya ba a kan wannan. Mukan ce arashi, mukan ce katari, mukan ce dace, mukan ce sa'a, mukan ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Amma da wuya Bahaushe ya faɗi ɗayansu bai haɗa da sunan Allah ba: Allah ya yi mini katari, Allah ya sa na dace. Abokina ya ɗauki rabin farko na maganar, tsofaffin matan ƙauyenmu kuwa sun wuce gona da iri a ɗaya rabin, gama har da masu cewa watan Safar ne mai nauyi, da mai cewa ta ji mujiya ta yi kuka bisa dangammu daren Asabar.

Na kai damuwata ga malaminmu na Addini, Allah ya saka masa da alheri. Na ce, "Allah gafarta Malam, ashe abin da na gani duk lissafi ne?" Bai ba ni amsa kai tsaye ba. Ya tuna mini cewa ranar da Ibrahim, ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu a Madina cikin shekara ta 10 bayan hijira, rana ta yi husufi. Masana taurari sun lissafa husufin nan ya faɗo ƙarshen Janairu 632. Mutane suka ce don mutuwar yaron ne. Ina uban da ba zai so a bar masa wannan ta'aziyya ba? Amma Manzon Allah, yana cikin zafin rashi, ya tashi ya gyara musu, ya sanar da su rana da wata ayoyin Allah ne, ba su yin husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya umurce su da salla da addu'a. Malam ya ce, "Ka gani, bai ce husufin ya fita daga ikon Allah ba. Fassarar da suka ɗora masa ya hana." Nan take na tuna husufin 29 ga Maris 2006, wanda ya mai da hantsi dare a Gusau da Katsina, muna yara aka yi ta kururuwa, alhali masana sun faɗi ranarsa da sa'arsa tun da daɗewa. Sanin lokacinsa bai hana malamai yin sallar husufi ba, bai kuwa rage wa kowa tsoron Mai shi ba.

Sa'an nan ya kawo ƙissar Annabi Musa da Halliru da ke cikin Suratul Kahfi, inda aka huda jirgin waɗansu miskinai domin akwai sarki a gaba mai ƙwace kowane jirgi lafiyayye. Ya ce in lura da abu biyu. Annabi Musa da girmansa bai gane dalili ba sai da aka gaya masa. Masu jirgin kuwa, ƙissar ba ta ce an taɓa gaya musu ba. Mai yiwuwa sun koma gida suna kukan ɓarna har ƙarshen ransu.

Wannan magana ta biyu ita ta fi zama mini, domin akwai abin da na ɓoye muku har yanzu. Rufin iyakar da ya ba ni Baba mako biyu, shi ne ya hana gwaggona ganin gawar ɗan'uwanta. Ta ji labari ta waya, ba ta da ƙarfin bin daji, mijinta kuma ya tsufa. Ita kaɗai ta rage masa a ɗakinsu. Ban da ita, mutum nawa suka yi hasarar jarinsu cikin motocin nan na Illela? Marasa lafiya nawa suka kwana cikin duhu a asibitocin Nijar sa'ad da aka tsinke wuta? In na tashi na ce an rufe iyaka don a sada ni da mahaifina, na yi girman kai, na kuma yi wa waɗannan bayin Allah rashin kunya. Ban isa a girgiza ƙasa biyu domina ba. Abin da zan iya faɗi ba tare da tsoro ba shi ne, cikin masifar da ta game jama'a an gutsuro mini wani sauƙi da ban roƙa ba, ban ma so shi ba sa'ad da ya zo. Malam ya ce wannan shi malamai ke kira luɗufi. Lissafin abokina ya gaya mini sau nawa irin wannan kan faru ga mutane, na kuwa yarda. Bai gaya mini ga wa zan kai godiyata ba, alhali godiyar tana nan cikin ƙirjina tana neman wurin zuwa. Shi ma da na faɗa masa haka bai yi musu ba, ya dai ce alli bai kai nan ba.

Na koma wurin telan nan don in roƙi gafara. Ya ga na shigo ya tsorata, yana tsammani sabon faɗa na kawo. Da na ba shi labari ya ajiye awo, idanunsa suka kawo ruwa, ya yi wa Baba addu'a mai tsawo. Daga baya sai na ga fuskarsa ta washe, ya ce, "Ka gani ko? Wani jinkiri alheri ne!" Na ce masa, "A'a, maigida, kada ka jingina. Alherin na Allah ne, saɓa alkawarin naka ne." Ya yi dariya ya ce na yi gaskiya. Ina cikin shagon wani mutum ya shigo yana faɗa a kan wandonsa na wata uku.

Cikin Maris 2024 aka buɗe iyaka, ana azumi. Gwaggo ta zo cikin motocin farko da suka ƙetaro. Ba ta ko sha ruwa ba, don tana azumi, ta ce a kai ta gindin aduwar da muke zama, tun da ta ji labarinta. Na kai ta, na nuna mata tushen gamba ɗaya bayan ɗaya yadda aka nuna mini, ta gyara mini guda, ta ce wannan ubansu ya dasa shi tun tana goye. Da za ta koma, Inna ta buɗe adaka ta ɗauko sauran yadin nan, kamu biyu, ta raba shi tsaka. Rabi ta ba gwaggo. Rabin kuwa ta ɗinke shi da hannunta, ta yi wa Alƙur'anin Baba sabuwar riga, shi ne wanda ke bisa akwatina a ɗakin kwana na biyu, ga mai son gani.